Kulorokwin da hem a kwamfuta: wace lamba za a yarda da ita?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin kimistiri ta aiko da tambaya. Tana son ta lissafa ƙarfin da kulorokwin ke kama hem da shi, wato sinadarin nan mai baƙin ƙarfe a tsakiya wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke saki idan ta ci hemogulobin. Ta yi amfani da B3LYP, ɗaya daga hanyoyin DFT masu lissafa makamashi daga cunkoson elektaron, da 6-31G*, ƙaramin tarin siffofin lissafi na elektaron, ba ta sa ruwa a lissafin ba. Da ta bar molikul ɗin biyu ba caji, sai zoben maganin ya zame daga kan hem, riƙon bai taka kara ya karya ba. Da ta sa musu caji, lambar ta haura kilokalori 100 a kowane mol. AutoDock Vina kuma, manhajar gwada yadda magani ke zama a jikin abin da yake kamawa, ya ba ta wajen 7. Malaminta ya ce ta zaɓi ɗaya ta kare. Wacce za ta ɗauka?

Ƙanwata, kada ki sa ko ɗaya a kundinki tukuna. Lambar Vina ce ta fi kusa da abin da aka auna a ɗakin gwaji, amma dace ne kawai, kuma zan nuna miki dalili. Sauran biyun ma ba shirme ba ne. Kowacce amsa ce ta gaskiya ga wata tambaya da ba ita kika yi niyyar yi ba.

Mu fara da girman abin da kike nema. Ƙungiyar Timothy Egan ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta auna haɗuwar kulorokwin da hem a cakudar ruwa da sinadarin narkarwa na DMSO tun ƙarshen shekarun 1990, ta sami log K tsakanin 5 da 6, K kuwa shi ne ma'aunin yadda biyun ke haɗuwa, log kuma yana ƙidaya ninkinsa goma-goma. A zafin ɗaki, kowane ninki goma na K daidai yake da 1.36 kcal/mol, saboda haka abin da kike farauta bai wuce 7 zuwa 8 kcal/mol ba. Kwamfuta kuwa ba ta lissafa wannan kai tsaye. Jimillar makamashin haɗaɗɗen take lissafawa, sannan na kowane ɗaya shi kaɗai, ke kuma ki ɗebe. Hem da kulorokwin a haɗe sun haura hartree 4,000, kowane hartree kuma 627.5 kcal/mol ne, wato kina maganar fiye da miliyan biyu da rabi. Kamar a hau da tirelar siminti kan ma'auni, direba ya fitar da 'yan goron da ke aljihunsa, a sake aunawa, a ce da bambancin za a gane nauyin goron. Ana iya yi, amma sai idan kuskuren awo na farko da na biyu iri ɗaya ne har suka cinye juna. Duk wata dabara da za ki gani a wannan fanni, wannan take ƙoƙarin tabbatarwa. Ki kuma riƙe cewa kuskuren 3 kcal/mol, wanda a lissafin ɗaurin kobalan irin na kabon da kabon mai ƙarfin 80 da wani abu ba wanda zai damu da shi, a nan ya isa ya canza K fiye da ninki ɗari.

To me ya sa zoben ya zame a lissafinki na farko? Domin B3LYP ba ya ganin babban abin da ke riƙe shi. A 1930 Fritz London ya bayyana cewa ko atom biyu marasa caji, marasa wani ɓangare mai tabbataccen caji, suna jan juna. Elektaron ba sa zaune wuri ɗaya. A kowane ƙiftawa gajimarensu yakan karkata gefe, karkatar nan ta jawo ta maƙwabci ta daidaita da ita, sai a sami ɗan ja. Ja ne mai rauni ƙwarai, yana kuma mutuwa da sauri: idan tazara ta ninka, ƙarfinsa ya ragu sau 64. Atom biyu na argon suna riƙe juna da abin da bai kai 0.3 kcal/mol ba. Sai dai abin yana taruwa. Da shi tsaka ke tafiya a rufin ɗaki, kamar yadda Kellar Autumn da abokan aikinsa suka nuna a 2000 da 2002 da suka auna gashin tafin ƙafarta. A naki lissafin, tsakiyar hem faranti ne mai atom 24, zoben kwinolin na maganin kuma yana da 10. Idan ɗaya ya kwanta kan ɗaya da tazarar angistirom 3.3 zuwa 3.5 (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), kina da ma'aurata 240, kowanne yana ba da ɗan nasa. Wannan tarin shi ne ƙashin bayan riƙon.

B3LYP, wanda ya bazu tun 1994, yana duba cunkoson elektaron a wuri ɗaya da yadda yake sauyawa a daidai wurin. Ba shi da hanyar sanin cewa motsin elektaron a wannan zobe yana da alaƙa da motsin na wancan zoben da ke nesa. Gwajin da kowa ya sani shi ne benzin biyu. Lissafi mafi inganci, CCSD(T), yana nuna suna riƙe juna da kusan 2.7 kcal/mol, ko ɗaya ya kwanta kan ɗaya da ɗan gocewa, ko ɗaya ya tsaya da gefensa kan fuskar ɗaya. B3LYP tsurarsa cewa yake waɗanda suka kwanta kan juna ture juna suke yi. MP2, wani lissafin daban wanda mutane da yawa ke gudu wurinsa suna zaton mafaka ce, yana wuce gona da iri ya ba da kusan 5. Idan benzin ƙarami ya sha wannan, ki ƙiyasta abin da zai faru da faffaɗan farantin hem.

Maganin wannan a yau ba ya cin komai. Stefan Grimme, wanda ke Jami'ar Bonn a Jamus, ya fitar da gyaran da ake ƙara wa DFT: D2 a 2006, D3 a 2010, daga baya D4. Kalma ɗaya ce a layin umarni, kuma lokacin da take ƙarawa ba a ma lura da shi. Akwai kuma hanyoyin da aka gina tun asali da wannan a ciki, irin ωB97X-D na 2008 da ωB97M-V na 2016 daga ƙungiyar Martin Head-Gordon. A ganina, duk lissafin da aka yi yau kan zobba masu kwanciya kan juna ba tare da irin wannan gyara ba, bai cancanci a tattauna lambobinsa ba.

Za ki ce, ai akwai takardu da yawa da suka yi amfani da B3LYP da 6-31G* kuma suka sami lambobi masu kama da gaskiya. Haka ne, kuma dalilin abin ban haushi ne. Besis, wato tarin siffofin lissafi da ake gina gajimaren elektaron da su, idan ƙarami ne kamar 6-31G* ba ya isar kowane molikul. Da zarar biyu sun matso kusa, sai kowanne ya ari na ɗan'uwansa ya cike giɓinsa, makamashinsa ya sauka, ke kuma ki ɗauka riƙo ne. Molikul biyu na ruwa suna riƙe juna da 5.0 kcal/mol, amma B3LYP da 6-31G* yana ba da sama da 7. Wannan kuskure na ƙara ja na ƙarya, rashin jan London kuma na rage ja na gaskiya, sai wani lokaci su yi canjaras. Wani lokacin kuma ba sa yi, kuma ba ki da hanyar sanin wanne kika faɗa ciki. Kruse da Goerigk da Grimme sun yi takarda sukutum kan wannan a 2012. Gyaran da Boys da Bernardi suka kawo a 1970 yana auna aron: ki lissafa kowane molikul shi kaɗai amma ki bar besis ɗin abokinsa a wurin, ba tare da atom ɗin abokin ba. Mafi sauƙi kuma shi ne ki hau zuwa babban besis irin def2-TZVP, inda aron ke raguwa sosai a DFT. Abin da kawai ba a yi shi ne a sa D3 a kan ƙaramin besis a tsaya nan, domin kin cire kuskure ɗaya kin bar ɗayan shi kaɗai ba mai taka masa burki.

Lambarki ta biyu, mai haura 100, labarinta gajere ne. Daidai kika yi da kika sa caji. A cikin jakar da ƙwayar cutar ke narkar da hemogulobin, pH yana wajen 5, kuma kulorokwin yana ɗaukar furoton biyu a can, shi ya sa ma yake taruwa a ciki ya kasa fita. Amma caji ɗaya mai alamar + da ɗaya mai alamar −, a tazarar angistirom 4, a sararin da babu komai, suna jan juna da 332 a raba da 4, wato 83 kcal/mol. A cikin ruwa sai ki sake rabawa da kusan 78, ya koma wajen 1. Abin da kika lissafa shi ne haɗuwar ayon biyu a sararin samaniya. A cikin ruwa kowannensu yana lulluɓe da molikul ɗin ruwa masu riƙe da shi da ƙarfi, kuma kafin su haɗu sai sun tuɓe wani sashe na wannan rigar. Ko ƙananan ayon ma haka abin yake: a sarari ayon ɗin fotasiyam yana kama benzin da kusan 19 kcal/mol, ya ɗan fi yadda yake kama molikul ɗaya na ruwa, amma ba wanda ya taɓa ganin gishirin fotasiyam ya bar ruwa ya koma benzin, domin a cikin ruwa ba molikul ɗaya ke kewaye da shi ba. Saboda haka sai kin sa ruwa, aƙalla irin na lissafi kamar CPCM ko SMD, kuma tun daga lokacin daidaita siffa, ba a ƙarshe kaɗai ba. Idan kika daidaita siffa a sarari, jelar maganin mai caji za ta lanƙwaso ta manne wa kabokzilet ɗin hem, wato ƙarshen jelolinsa mai kishiyar caji, ta yadda ba lallai ta yi a ruwa ba.

Akwai kuma abin da ɗalibai ke yawan mantawa. K yana tafiya ne da makamashin Gibbs, wanda ke haɗawa da 'yancin motsin molikul, ba da bambancin makamashin elektaron tsurarsa ba. Abu biyu masu yawo da juyawa kowa da 'yancinsa sun zama ɗaya, wannan asarar 'yanci tana cin 10 zuwa 15 kcal/mol ga molikul masu wannan girma. Sai kin yi lissafin girgiza kafin ki same ta, kuma girgizar da ke ƙasa da 100 a ma'aunin cm⁻¹, wadda haɗaɗɗe mai sako-sako ke cike da ita, tana ɓata lissafin idan ba a yi mata gyaran da Grimme ya kawo a 2012 ba. Sannan ki tuna da 1.89 kcal/mol na sauyawa daga ma'aunin iska zuwa mol ɗaya a lita. A ƙarshe za ki ga 7 ɗin nan ragowa ce tsakanin manyan lambobi uku masu ja da juna: riƙo, tuɓe ruwa, da asarar 'yanci.

Duk abin da na faɗa zuwa nan zai shafi kowane zobba biyu. Yanzu ga ƙarfen, wanda shi ne inda na fi jin tsoron lissafinki, domin ba ki faɗi sifin da kika sa ba, wato abin da ke nuna elektaron nawa na ƙarfen ne ba su da ma'aurata. Idan kin bar abin da manhajar zane ta rubuta miki, to da wuya ya zama daidai.

Baƙin ƙarfen da ke cikin hem ɗin da ƙwayar ta saki yana komawa Fe(III), mai elektaron biyar a obital ɗin d guda biyar, wato ɗakunan da elektaron ke zama. Suna iya zama kowanne a ɗakinsa, biyar ba ma'aurata, wannan shi ne babban sifin, lambar da za ki rubuta a fayil ita ce 6. Suna iya zama uku ba ma'aurata, ki rubuta 4. Ko ɗaya tak, wato ƙaramin sifin, ki rubuta 2. Kwamfuta ba za ta zaɓa miki ba. Abin da kika ba ta shi za ta lissafa, ta kammala lafiya, ta rubuta miki cewa komai ya tafi daidai. Alhali waɗannan uku kusan sinadarai uku ne daban. A babban sifin akwai elektaron a obital ɗin da ke fuskantar naitirojin huɗu kai tsaye, sai ƙarfen ya kumbura, tazararsa da naitirojin ta kai wajen angistirom 2.06, ramin tsakiyar zoben ya yi masa kaɗan, ya ɗago sama da kusan rabin angistirom zuwa wajen ligan na biyar, wato atom ko molikul ɗin da ke ɗaure da ƙarfen ban da naitirojin huɗun. A ƙaramin sifin tazarar tana sauka zuwa wajen 1.99, ƙarfen ya koma cikin faranti. Wannan ɗagowa da komawa ita ce ke motsa hemogulobin gaba ɗaya idan oksijin ya kama, kuma tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka ga alamarta da suka auna maganaɗisun jini mai oksijin da mara shi. A naki aikin, ɗagowar tana nufin hem yana da fuska biyu da ba iri ɗaya ba: ɗaya da ligan a tsaye a kanta, ɗaya a buɗe. Kan buɗaɗɗiyar maganin zai kwanta.

Gwaji ya tabbatar cewa hem na Fe(III) mai ligan biyar, irin mai kulorid ko mai haidiroksid, babban sifin ne. Matsalar ita ce DFT ba shi da tabbas a nan. Hanyoyin da babu musayar Hartree da Fock a cikinsu, irin BP86 da PBE, suna fifita ƙaramin sifin. Duk yadda kika ƙara kason wannan musaya, haka babban sifin ke ƙara samun galaba, kusan a miƙe. B3LYP yana da kashi 20 cikin ɗari, TPSSh yana da 10, PBE0 yana da 25, kuma Markus Reiher ya rage na B3LYP zuwa 15 a 2001 musamman don ya dace da sinadaran baƙin ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin sifin biyu tana iya motsawa da fiye da 10 kcal/mol daga wannan hanya zuwa waccan. A hem mai ligan biyar, sanannen abu ne hanyoyi da yawa su sa 4 daf da 6, ko ma ƙasa da shi. Saboda haka ki lissafa duka ukun, kowanne da tasa siffar, da hanyoyi biyu ko uku, ki duba ƙimar S² da aka buga miki ko ta yi kusa da 8.75 da ake tsammani ga babban sifin, ki kwatanta tazarar ƙarfe da naitirojin da ta kiristal ɗin da ke rumbun Cambridge, wanda ya haura siffofi miliyan ɗaya tun 2019. Idan hanyar da kika zaɓa ta saɓa wa gwaji, ki bi gwaji, ki kuma rubuta a kundin cewa haka kika yi. Sauƙin da kike da shi ɗaya ne: tunda kulorokwin kwanciya yake yi kan faranti bai taɓa ƙarfen ba, sifin ba ya canzawa kafin haɗuwa da bayanta, kuskuren kuwa zai cinye kansa wajen ɗebewa, muddin kin sa lamba ɗaya a ɓangarorin biyu.

Kwinin ba haka yake ba, kuma wannan bambanci ya isa ya zama babi guda. Kwinin da kwinidin da halofantirin suna da oksijin na alkohol, kuma kiristal ɗin da Katherine de Villiers da Egan da abokan aikinsu suka samu, na halofantirin a 2008 da na sauran biyun a 2012, sun nuna wannan oksijin ɗaure da baƙin ƙarfen kai tsaye. Nan an shiga duniyar Alfred Werner, wanda a 1893 ya fara bayyana yadda ligan ke jeruwa kewaye da ƙarfe. Lissafinsa daban ne: sai an cire ligan ɗin da ke wurin, sai alkohol ya saki furoton, kuma kuskuren sifin ba shi da tabbacin cinye kansa. Idan kika jera kulorokwin da kwinin a tebur ɗaya kina kwatanta lambobinsu kamar abu iri ɗaya suke yi, mai jarrabawa da ya san fannin zai tsayar da ke nan take.

Kafin duk wannan ma akwai tambayar da ta fi kowacce nauyi, wadda kwamfuta ba ta amsawa: wane hem? Kin zana guda ɗaya tilo. A cikin ruwa hem ba ya zama shi kaɗai, biyu-biyu yake kwanciya kan juna. Akwai kuma siffar da oksijin ɗaya ke zama gada tsakanin baƙin ƙarfe biyu, kuma binciken Cape Town ya nuna kulorokwin yana tura hem zuwa wannan siffa. A cikinta sifin ƙarfen biyu suna fuskantar juna a kishiyance, sai an yi amfani da dabarar da Louis Noodleman ya kawo a 1981 kafin DFT ya iya kwatanta su. Sannan ga hemozoyin kansa, baƙin kiristal ɗin da ƙwayar ke tara hem a ciki don kada ya kashe ta. Silvina Pagola da abokan aikinta sun warware siffarsa a 2000, kuma ina son ki kalle ta da kyau domin duk darasinmu na cikinta: hem biyu, kabokzilet ɗin wannan ya miƙa ya kama ƙarfen wancan, na wancan ya kama na wannan, ragowar jelar kowannensu ta haɗu da ta maƙwabta da ɗaurin haidurojin, farantan kuma suka jeru kusa da juna da jan London. Aikin da ƙungiyar Peter Vekilov da Jeffrey Rimer ta yi a Jami'ar Houston a 2015, inda suka kalli kiristal ɗin yana girma, ya nuna kulorokwin yana zama a kan fuskarsa ya tare matakan girma. Tun 2000 kuma Egan ya nuna cewa idan aka cire kulorin da ke matsayi na 7, molikul ɗin yana ci gaba da kama hem amma ya daina hana hemozoyin samuwa. Ke nan ƙarfin kama hem ɗaya tilo ba shi ne ma'aunin ingancin magani ba. Bijirewar da ƙwayar ta yi wa kulorokwin, wadda ta sa Najeriya ta koma magungunan da ke da atemisinin a tsakiyar shekarun 2000, ita ma ba daga hem ta taso ba. Sauyi ne a furotin PfCRT da ke fitar da maganin daga jakar. Kada ki bari wani ya sa ki rubuta cewa lambarki ta bayyana wannan.

Shi kuwa Vina, wanda Oleg Trott da Arthur Olson suka fitar a 2010, ba ya ganin elektaron ko ɗaya. Ƙidayar kusanci yake yi da ma'aunai da aka daidaita kan furotin da magunguna, ba ya amfani da cajin atom, ƙarfe kuma a wurinsa wani mai ba da ɗaurin haidurojin ne kawai. Bai san sifin ba, bai san Fe(II) da Fe(III) ba. Masu shi da kansu sun ce kuskurensa ya kusa 3 kcal/mol, kuma kusan duk molikul mai girman magani da kika ba shi, amsar tana faɗowa tsakanin 5 da 10. Ki yi amfani da shi wajen samo siffofin farawa, wannan yana da amfani. Lambarsa kuwa ki bar ta a fayil.

Ga yadda zan bi da abin da a ce kundina ne, da kwamfutar cinya da wutar da ba ta da tabbas. Hem da kulorokwin atom wajen 125 ne, ORCA, manhajar lissafi ta Frank Neese, kyauta ne ga masu bincike a jami'a, kuma yana ɗaukar wannan girma. Zan fara da gwada hanyata kan abin da aka riga aka san amsarsa. Tarin S66 na Jan Řezáč da Kevin Riley da Pavel Hobza, na 2011, yana da firidin kan firidin da benzin kan firidin, 'yan'uwan zobenki na kusa, da amsoshin CCSD(T). Idan hanyata ta kuskure su da fiye da rabin kilokalori, zan canza ta tun kafin in taɓa hem. Daga nan in nemo siffofi da yawa, domin jelar kulorokwin tana lanƙwasawa ta hanyoyi barkatai kuma siffa ɗaya da aka zana da hannu ba hujja ba ce. Manhajar CREST da hanyar gaggawa ta GFN2-xTB suna yin wannan da sauri, amma tsara siffa kawai zan karɓa daga gare su, ban da hukunci kan sifin. In ɗauki mafi kyawu goma ko ashirin in daidaita da r2SCAN-3c a cikin ruwan lissafi, in yi girgiza, sannan in sake lissafa makamashi da def2-TZVP da hanyoyi biyu ko uku masu D4. Ki riƙa ajiye fayil ɗin obital da siffar ƙarshe, don idan an ɗauke wuta ki ɗora daga inda ya tsaya. CCSD(T) cikakke ba zai yiwu ba, domin idan girman molikul ya ninka tsadarsa na ninkawa sau 128. DLPNO-CCSD(T) na 2013 yana iya ɗaukar ƙaramin samfuri, misali kwinolin kan fofirin, wato farantin hem, da aka yanke wa jeloli aka sa masa tutiya a maimakon baƙin ƙarfe don a huta da sifin. Wannan zai gaya miki ko kwanciyar kanta kin lissafa ta daidai.

Besis ɗin LANL2DZ da ake yawan gani a kundayen ɗalibai na 1985 ne, kuma ga baƙin ƙarfe ba ki da buƙatarsa, def2 na 2005 ya fi shi nesa ba kusa ba. Inda maye gurbin elektaron na ciki ya zama dole shi ne ƙarfe masu nauyi, inda gudun elektaron ya kai sai an yi la'akari da ka'idar Einstein. Dalma ce misalin da ya shafe mu. Elektaron biyu na 6s da Pb(II) ke da su sukan taru gefe ɗaya su kore ligan zuwa ɗaya gefen, kuma wannan na cikin abin da ke sa ta gurgunta enzayim ɗin ALAD idan ta kori tutiya daga tsakanin sistin uku, enzayim ɗin da ke cikin masu gina hem ɗin da muke magana a kai. Duk mai son lissafa yadda DMSA, maganin da aka ba yaran Zamfara bayan gubar dalma ta 2010, ke kama dalma, sai ya fara da wannan.

Za ki so ki sa hotuna masu launi, na sani. Taswirar NCI da Erin Johnson da abokan aikinta suka kawo a 2010 za ta zana miki koren shimfiɗa tsakanin zobba biyu, QTAIM na Richard Bader zai ja miki layuka tsakanin atom, Multiwfn yana yin duka kyauta. Suna nuna inda ake taɓa juna, ba sa auna ƙarfin riƙo, kuma ko siffar da ba ta da daidai kika ba su za su zana mata hoto mai kyau. Idan kina son sanin me ke riƙon, SAPT a Psi4 ko rarrabawar LED a ORCA za su raba miki shi kashi-kashi: jan caji, turewar elektaron, karkatar da gajimare, da jan London. Ki yi wannan kan samfurin tutiyar nan, sau ɗaya da zobe mai furoton, sau ɗaya da mara shi, ki ga wane kaso ya motsa.

Abin da za ki kai wa malaminki kuwa tebur ne na bambance-bambance, ba lamba ɗaya ba. Ki ɗauki kulorokwin da amodiyakwin da 'yan'uwansu huɗu ko biyar da aka buga log K ɗinsu a yanayin gwaji ɗaya, ki lissafa su duka da hanya ɗaya, da siffar hem ɗaya, da sifin ɗaya. Asarar 'yanci da yawancin kuskuren ruwa kusan iri ɗaya ne a tsakaninsu, za su fita wajen ɗebewa. Kusa da kowace lamba ki rubuta iyakar yadda ta motsa da kika canza hanya. Idan tazarar magani biyu 1 kcal/mol ce, hanyoyinki kuma sun saɓa da 2, ki rubuta cewa lissafin bai iya raba su ba. Idan jerin ya ƙi bin na gwaji, ki sake shi da hem mai gadar oksijin kafin ki zargi B3LYP ko wani abu daban.